Oscar De La Hoya: gwarzo ne, ko talla ce ta ɗaga shi?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun shekaranjiya da aka taso da maganar 'yan damben da suka fito daga gasar Olamfik suka shiga damben kuɗi, sunan Oscar De La Hoya ke ta yawo, kowa na zuba shi a sahun manya. Ni dai ban gamsu ba. Wasa 45 ya yi, ya ci 39, an doke shi sau 6. To ku duba waɗanda suka doke shin: Félix Trinidad, Shane Mosley har sau biyu, Bernard Hopkins, Floyd Mayweather, Manny Pacquiao. Wato duk ranar da ya gamu da sa'ansa mai jini a jika, shi ne ke sauka da kunya. Manyan sunayen da ya ci kuwa, Chávez da Whitaker, sai da suka fara gangara sannan ya same su. Kyan fuska da lambar zinare da bakin mai shirya wasanninsa Bob Arum ne suka sayar da shi. Wanda yake da ja ya zo da hujja.

Malam Bahago:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, ka fara ƙirga daga tsakiya. Mutumin da za ka auna, ka fara daga inda ya taso.

An haife shi a 1973 a gabashin Los Angeles, unguwar 'yan asalin Meziko. Kakansa ya yi dambe, mahaifinsa Joel ya yi, shi ma tun yana ɗan yaro aka sa masa safar hannu. Kafin ya karɓi ko kwabo a dambe ya haura nasara 200 a wasannin 'yan koyo, waɗanda ya faɗi ba su kai goma ba. A 1989 ya ci gasar Golden Gloves ta ƙasa, a 1990 ya ci zinare a gasar Goodwill yana ɗan shekara 17. A ƙarshen shekarar nan mahaifiyarsa Cecilia ta rasu da cutar sankarar mama, kuma burinta shi ne ta ga ya ci zinare a Olamfik.

A 1991 ya je gasar duniya a Sydney, wani Bajamushe, Marco Rudolph, ya fitar da shi. Da aka zo Barcelona a 1992, a ajin kilo 60, wa ya tarar a wasan ƙarshe? Rudolph ɗin nan dai. Ya kai shi ƙasa a turmi na uku, ya ci shi 7 da 2. Kuma duk tawagar damben Amurka ta shekarar, shi kaɗai ya koma gida da zinare. Wannan ba Arum ya saya masa ba, lokacin Arum bai ma shigo labarin ba.

Ɗan Fagge:
Malam Bahago ka tsallake wani abu da ya shafe mu. A hanyarsa ta zuwa zinaren nan har da ɗan Najeriya ya bi ta kansa, Moses Odion, a zagaye na biyu, 16 da 4. Kuma a Barcelonar ce Najeriya ta ci azurfa biyu a dambe, David Izonritei da Richard Igbineghu, dukkansu 'yan Kuba ne suka tare su a wasan ƙarshe. Yau a je a nemi ɗan damben Najeriya a wasan ƙarshe na Olamfik. Allah ya kyauta.

Baban Khalifa:
Duk na ji. Amma damben 'yan koyo na wancan lokacin turmi uku ne, da hular kariya a kai, ana ƙirga taɓawa. A wasan kusa da na ƙarshe ma da ƙyar ya sha a hannun ɗan Koriya ta Kudu, 11 da 10. Da maki ɗaya ya juya, yau ba wanda zai kira shi Golden Boy. Ni maganar damben kuɗi nake, inda ake turmi 12 kuma naushi ke da nauyi.

Malam Bahago:
To mu shiga can ɗin. Ya fara a Nuwamba 1992. A wasansa na 12 ya karɓi kambun duniya na hukumar WBO na ajin kilo 59 daga hannun Jimmi Bredahl, ɗan Denmak, a 1994. Ka ce ba ya cin mai jini a jika. Rafael Ruelas yana riƙe da kambun IBF a 1995, turmi biyu ya yi masa. Genaro Hernández ba a taɓa doke shi ba, Oscar ya karya masa hanci, ya ce ya haƙura bayan turmi na shida. Miguel Ángel González ya zo da nasara 41 ba faɗuwa, a farkon 1997 Oscar ya ɓata masa takarda. Waɗannan tsofaffi ne?

Sirrinsa kuma, bahago ne amma yana tsayuwar badama. Ma'ana hannunsa mai ƙarfi shi ne a gaba, kusa da fuskar abokin karawa. Shi ya sa naushin gabansa ke tafiya kamar na kisa, shi ya sa kuma hagunsa idan ta zagayo ta gefe ba a cika tashi ba. Damansa ce ba ta da wani abin kirki a shekarun farko.

Maman Ilham:
Malam Bahago, ashe kare ɗan'uwanka bahago kake, yanzu na gane.

Tambaya gare ni, don ni ban san tarihin sosai ba, maigida ne mai kallo. Na ga wani tsohon bidiyo ana yi masa ihu a filin da ke cike da 'yan Meziko. Ba nasu ba ne? Me ya yi musu?

Kawu Sallau:
Maman Ilham, tambayarki ta fi ta mai buɗe zancen nauyi. Bari in ba ki yadda abin yake.

Iyayensa daga Meziko suka zo, shi kuwa haifaffen Amurka ne. Ranar da ya ci zinare a Barcelona tuta biyu ya ɗaga, ta Amurka da ta Meziko, don ya nuna duka biyun nasa ne. Sai dai 'yan kallon Meziko suna da irin damben da suke so: ka matsa gaba, ka sha naushi biyu don ka ba da ɗaya, fuska ta kumbura, jini ya zuba, kada ka ja baya. Shi kuma yaro ne dogo mai tsabtar fuska, yana murmushi a talabijin, yana naushi daga nesa yana kaucewa. Sai suka ɗauke shi ɗan gayu wanda bai san wahala ba, alhali unguwar da ya tashi ba ta masu hali ba ce.

Abin da ya ƙarasa ɓata shi a wurinsu shi ne Julio César Chávez. Ki gane matsayin Chávez: a 1993 mutum sama da dubu 130 suka cika filin Azteca don kallonsa. Ya yi wasa kusan 90 kafin a fara doke shi. A Yuni 1996 aka haɗa su a Las Vegas, Oscar na da shekara 23, Chávez 33. Tun a turmin farko girar Chávez ta fashe, zuwa turmi na huɗu fuskarsa ta rine da jini, aka tsayar da wasa. Yaron ya yi aikinsa ne, amma a idon mutane da yawa ya wulaƙanta uban gidan. Da aka sake a 1998, Oscar ya tsaya suka yi musayar naushi don ya nuna shi ma zai iya irin nasu, Chávez ya ƙi fitowa bayan turmi na takwas. Hakan ma bai wanke shi duka ba. A 2002 har takardar zama ɗan ƙasar Meziko ya karɓa.

Baban Khalifa:
Kawu, ka faɗa da bakinka, shekara goma tsakaninsu. Kuma ciwon girar nan an ce tun a wurin atisaye ya samo asali, naushin farko kawai ya buɗe shi. Whitaker fa? Afrilu 1997, alƙalai suka ba Oscar da tazara mai faɗi, 115 da 111, da 116 da 110 sau biyu, alhali duk daren iska yake ta duka, har an ƙirga masa faɗuwa a turmi na tara. Wannan maki na alƙalan Las Vegas ne, ba na wanda ya kalli wasa ba.

Kawu Sallau:
Tazarar ta yi yawa, wannan gaskiya ne. Amma wa ya taɓa yin kyau a gaban Pernell Whitaker? Mutumin da Chávez da kansa ya kasa taɓawa a 1993 aka rufa masa asiri da canjaras. Whitaker ya kauce da kyau, sai dai kaucewa kaɗai ba ta cin turmi, sai ka mayar. Ni a wurina wasan na kusa ne, kowa aka ba ba zan ɗaga murya ba.

Ɗan Zongo:
Salamu alaikum daga Nima, Accra. Tun ɗazu nake karantawa ina jira a ambaci sunan da ya kamata, ba wanda ya ambata. Ike Quartey. Bazooka. Ɗan Bukom, unguwar da ta ba duniya Azumah Nelson. Yayansa Clement Quartey ne ya ci azurfa a Rum a 1960.

Fabrairu 1999, Las Vegas. Ike ba a taɓa doke shi ba, ya ci kambun WBA tun 1994. Ya yi wata 16 bai hau dandali ba kafin wasan, amma duk da haka naushin gabansa ya hana Oscar sakat. A turmi na shida Oscar ya kai shi ƙasa, kafin a tashi daga turmin Ike ya rama, kuma faɗuwar Oscar ta fi muni. Daga na bakwai zuwa kusan na goma Ike ne ke jan wasan. Alƙali ɗaya ya ba Ike, biyu suka ba Oscar, ɗayansu har da tazarar maki huɗu. Maki huɗu! A nan Ghana har gobe in ka tayar da maganar a wurin aski, ba a gamawa lafiya.

Malam Bahago:
Ɗan Zongo, sannu da zuwa, amma ka tsaya a turmi na 11. Faɗa mana na 12.

Ɗan Zongo:
Na 12 na Oscar ne, ba musu. Ya fito da gudu ya kai Ike ƙasa da hagu, ya matse shi a igiya yana ta zuba masa. Amma Ike bai faɗi na biyu ba, yana mayarwa, har Oscar ya ƙare da kansa, hannu ya mutu. Turmi ɗaya ne, ko ka ba shi 10 da 8. Ba ya goge abin da ya wuce.

Malam Bahago:
Ba ya gogewa, amma shi ne amsar Baban Khalifa. Ga sa'a, ga jini a jika, ga wanda ba a taɓa dokewa ba, an kai shi ƙasa ya tashi, kuma da ya ga wasa na neman kuɓucewa ya je ya ƙwato shi da ƙarfi. Tun yana sabon shiga ma haka yake: Narciso Valenzuela ya kai shi ƙasa a turmin farko, Giorgio Campanella ma haka, duka ya tashi ya gama da su. Wanda talla ta ɗaga ba ya tashi irin wannan tashin.

Na Maraɗi:
Jama'a ku bari in sa baki. Dut abin da kuka faɗi, wasa guda na ad da muhimmanci, shi ne na Trinidad. Mu da munka tashi muna kallon damben gargajiya, abin da Oscar ya yi a ƙarshen wasan nan bai shiga kanmu. A gidan dambe ba a ƙirga maki. Ko ka yi kisa, ko a raba ku turmi uku babu kisa. Wanda ya ɗaure hannu ya shigo fili sannan ya riƙa zagaye yana gudun abokin karawa, makaɗi ma sai ya aje kalangu. Mutum shina cin wasa, mi ya kai shi gudu?

Kawu Sallau:
Na Maraɗi ka kawo mu inda maganar take. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Satumba 1999. Oscar na da nasara 31, Trinidad ɗan Puerto Rico na da 35, babu wanda aka taɓa dokewa, a ajin kusan kilo 67. Gidaje kimanin miliyan 1.4 suka biya kuɗi don kallo, abin da ba a taɓa gani ba a wasan da ba na masu nauyi ba. Kowa ya zo ganin yaƙi. Sai Oscar ya zo da wani abu dabam: ya shiga, ya zuba uku ko huɗu, ya fice ta gefe kafin Trinidad ya dasa ƙafa. Trinidad mutum ne da sai ya kafa ƙafafunsa hagunsa ke tashi, to an hana shi kafawa. Hancinsa ya yi jini, idonsa ya kumbura, farin wandonsa ya ɓaci. Turmi takwas zuwa tara na farko, darasi aka ba shi.

Daga nan kusurwar Oscar, inda tsohon mai horarwa Gil Clancy yake ba da shawara, suka nuna masa cewa ya riga ya ci, ya kiyaye kansa kawai. Sai ya daina naushi. Motsin yana nan, hannun ne ya tsaya. Turmi uku na ƙarshe ya miƙa su kyauta. Da aka karanta: 114 da 114, sai 115 da 113, sai 115 da 114, Trinidad ya ci.

Abin da nake gani shi ne, tarbiyyar damben 'yan koyo ce ta taso masa a daren. A Barcelona ne aka fara ƙirga maki da na'ura, bayan zaluncin da aka yi wa Roy Jones a Seoul a 1988. Alƙalai biyar, sai uku sun danna maɓalli cikin daƙiƙa ɗaya a rubuta maka naushi. A wannan tsarin maki taruwa suke. In ka ba da tazara, abokin karawarka sai ya biya bashin ɗaya bayan ɗaya, don haka zagaye fili a turmin ƙarshe dabara ce da ake koya wa kowane yaro. A damben kuɗi ba haka ba ne. Kowane turmi zaman kansa yake. Wanda ka ci da naushi 30 da wanda ka ci da naushi biyu duka 10 da 9 ne. Kuma ba ka ganin takardar alƙali sai an gama. Ya yi lissafi da tazarar da yake ji a jikinsa, alƙalai kuwa sun riga sun ba Trinidad wasu turame na farko da ba a yi komai a cikinsu ba.

Baban Khalifa:
Kawu, bayaninka ya yi daɗi, amma ka sauƙaƙa masa. Mutum ya shekara bakwai a damben kuɗi, ya yi wasa 31, a ce bai san yadda ake ba da maki ba? Wata bakwai kafin nan shi ne ya fito a turmi na 12 ya auka wa Quartey. Ina tarbiyyar 'yan koyon take a ranar? Gaskiyar magana ya gaji ne. Duk wasanninsa manya haka yake, daga turmi na tara ƙafa ta yi nauyi. Ya ji hannun Trinidad sau ɗaya ko biyu, ya san in ya tsaya za a kwantar da shi, ya zaɓi gudu.

Kawu Sallau:
Bambancin shi ne da Quartey ya san wasan na kusa, da Trinidad ya ɗauka ya yi nisa. Halin mutum yana fitowa ne lokacin da ya ga yana gaba. Gajiya kuma tana ciki, ban cire ta ba, wanda ya yi turmi tara a kan yatsun ƙafa dole ya biya. Amma ko da ka ba Trinidad 10, 11 da 12, har ka ƙara masa na 9, sai ka nemo masa wasu uku a cikin takwas na farko kafin ya kai bakwai. Je ka nemo su, ina jira.

Ɗan Fagge:
Ni abin da ya fi ba ni haushi da shi yawan canza masu horarwa. Robert Alcazar, Jesús Rivero, Emanuel Steward, Clancy, baban Mayweather, Freddie Roach, Nacho Beristain. Wannan ya ce ka yi kaza, wancan ya ce a'a. Har ya yi ritaya bai yanke shawarar ko shi mai kaucewa ne ko mai matsawa ba. Da Trinidad ya yi gudu aka zage shi, sai ya zo wa Mosley a 2000 ya tsaya ƙirji da ƙirji da mutumin da ya fi shi saurin hannu, ya faɗi. Kamar kullum yana damben ne don ya amsa zagin da aka yi masa a wasan baya.

Sabon Shiga:
Yayyena ku yi haƙuri, ni ƙarami ne a nan. In dai ɗan asalin Meziko haifaffen Amurka ake magana, ai Andy Ruiz ya fi shi tarihi. Shi ne ya kai Anthony Joshua ƙasa sau huɗu a New York a 2019, ya zama na farko mai jinin Meziko da ya riƙe kambun masu nauyi.

Malam Bahago:
Ƙanena, dare ɗaya ne wannan. Wata shida bayan nan ya je Saudiyya da ƙarin ƙiba ya mayar wa Joshua kayansa. Abin lura a labarinsa dai, shi a California aka haife shi amma Meziko ya wakilta a damben 'yan koyo, ya nemi gurbin Olamfik na 2008 bai samu ba. Oscar ya sa rigar Amurka, kuma wannan na cikin abin da aka riƙe shi da shi. Ka buɗe wa Ruiz nasa zauren, za mu zo.

Mu koma. Baban Khalifa bai ambaci Fernando Vargas ba, kuma na san dalili. Satumba 2002, ajin kusan kilo 70. Vargas ɗan Oxnard ne, shi ma haifaffen California, shi ma ya je Olamfik a 1996, kuma ya shekara yana cewa shi ne ɗan Meziko na gaske, Oscar na bogi ne. Ya fi shi ƙuruciya, ya fi shi faɗin ƙirji. A turamen farko ya matse Oscar a igiya ya ba shi wuya. A ƙarshen na goma hagu ta girgiza Vargas, a na 11 ta kai shi ƙasa, aka tsayar. Bayan wasa gwaji ya nuna Vargas ya sha ƙwayar ƙara ƙarfi, stanozolol. Ga wanda aka ce yana gajiya daga turmi na tara.

Ɗan Zongo:
Vargas ɗin nan shi ya doke Ike a 2000, don haka ranar na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Maman Ilham:
To wasa na biyu da Mosley fa? Maigida ya ce wannan ƙwace aka yi.

Kawu Sallau:
Maigidanki na da abokan ra'ayi da yawa. 2003 ne, alƙalai uku duka 115 da 113 ga Mosley, alhali ƙididdigar naushi ta nuna Oscar ya fi saukarwa. Daga baya kuma sunan Mosley ya fito a badaƙalar BALCO, kamfanin da ya riƙa ba 'yan wasa ƙwayoyin ƙara ƙarfi, ya amsa cewa ya yi amfani da kayansu kafin wasan, ko da yake ya ce bai san haramtattu ba ne. Ba a canza sakamakon ba.

Amma don adalci, a shekarar da ta biyo shi ma an yi masa kyauta. Felix Sturm, Bajamushe, ya zo Las Vegas a Yuni 2004 ya ci shi da naushin gaba a idon mafi yawan masu kallo, aka ba Oscar 115 da 113 a takardu uku, saboda an riga an shirya babban wasa da Hopkins a Satumba. Da kambun da ya karɓa a hannun Sturm ne ya cika aji shida da ya riƙe kambu a cikinsu. Don haka in za a mayar masa da Trinidad da Mosley na biyu, a karɓe Sturm.

Ɗan Zongo:
A karɓe Quartey ma.

Baban Khalifa:
Yauwa, yanzu ake magana. Aji shidan da ake ta yi mana kirari da shi, na shidan kyauta ne. Da ya gamu da mai ajin na gaske, Hopkins ya sa masa hagu ɗaya a hanta a turmi na tara, ya kwanta yana dukan dandali da hannu.

Malam Bahago:
Mutumin da ya fara a kilo 59 ya hau har kilo 72 ya nemi wanda ya shekara kusan goma yana riƙe da kambun ajin. Wa ya tilasta shi? Kuɗi yana da su, ko da wa ya kara filin zai cika. Nan ne nake ganin ka juya lissafin, Baban Khalifa. Kana ƙirga sunayen da suka doke shi a matsayin aibi, ni kuwa ina tambaya, a cikin 'yan damben da ke da farin jininsa, wa ya yarda ya shiga da dukkan waɗannan? Yau ɗan dambe na kare sifilinsa shekara goma, manyan wasanni na ruɓewa a teburin ciniki.

A Mayu 2007 yana da shekara 34 ya kara da Mayweather, gidaje kimanin miliyan 2.4 suka saya. Alƙali ɗaya ya ba Oscar 115 da 113. A duk wasanni 50 na Mayweather, wannan ne kaɗai alƙali ya rubuta cewa an ci shi. Muddin Oscar na jefa naushin gaba wasan na hannunsa, da ya daina a rabi na biyu ya tafi.

Baban Khalifa:
“Da ya daina a rabi na biyu.” Ka ga ka dawo kan maganata da ƙafarka.

Na Maraɗi:
Na Pacquiao kam kada wanda ya kawo shi hujja, ko ta wane ɓangare. Disamba 2008, an ce ya sauko kilo 67 da ya yi shekara bakwai bai taka ba. Ya rage jiki har ya bushe, ranar wasa Pacquiao ɗan ƙaramin ma ya fi shi nauyi. Kuma Roach da ya horar da shi a wasan Mayweather shi ne a kusurwar Pacquiao, ya san hannun ba ya fita kuma. Turmi takwas ana dukan mutum, ya zauna bisa kujera bai tashi ba. Watanni kaɗan ya aje.

Ɗan Fagge:
Wani abin da ba a taɓo ba, tun yana dambe a 2002 ya kafa kamfaninsa na shirya wasa, Golden Boy Promotions. Hopkins da ya fasa masa hanta da Mosley da ya doke shi sau biyu duka sun zama abokan kasuwancinsa a ciki. Kamfanin ne ya riƙe Canelo Álvarez shekaru har suka rabu baram-baram a 2020. Ɗan dambe ya koma kujerar su Arum da Don King, a da ba a saba gani ba. Rayuwarsa bayan ritaya dai ta sha tangal-tangal, shi da kansa ya fito ya ce giya da hodar iblis sun kama shi, ya je gidan gyaran hali. Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Baban Khalifa:
Amin. Vargas da Ruelas na karɓa, González ma na karɓa. Zuciyar shiga da kowa, ita ma ban hana shi ba. Inda nake tsaye shi ne ba a sa shi layi ɗaya da Sugar Ray Leonard. Leonard ma ya ci zinare a 1976, shi ma ɗan talla ne mai murmushi, amma da aka ce masa yana baya a wasansa da Hearns a 1981, ya je ya gama da shi a turmi na 14. Oscar ya samu irin wannan daren da Trinidad, ya zagaye fili.

Kawu Sallau:
Ba wanda ya kai shi layin Leonard a zauren nan, kai ka kawo. Kuma misalin bai zauna ba, Leonard an gaya masa yana baya, Oscar an gaya masa yana gaba. Har yanzu ina jiran turame ukun nan. Wasan na nan a YouTube cikakke, ka kashe muryar masu sharhi, ka ɗauki biro.

Ɗan Zongo:
In zai ɗauki biro, ya haɗa da na Ike. Kuma Malam Bahago, kai da kake cewa bai guji kowa ba: Chávez da ya ci cikin sauƙi ya ba shi wasa na biyu. Mosley da ya doke shi ya nemi na biyu. Whitaker ya nemi a sake, ba a sake ba. Ike ma ba a sake ba. Waɗannan biyun fa, me ya hana?